Bayan An Sauke Tuta, Wa Ya Wanke Salkunan Mai?

Duk wanda ya zauna a Ngaundare ko da na wata guda ne ya san cewa kayan Chadi ta ƙofar gidanmu suke wucewa. Jirgin ƙasa ya kawo su daga Duwala, a sauke a nan, manyan motoci su ɗauka su yi arewa, waɗanda za su fita kuma su biyo hanyar a juye. Mun saba, har ba ma ɗaga kai mu dubi kwantena. To amma a 'yan shekarun nan akwai wani irin kaya da ya ratsa ƙasarmu zuwa bakin teku wanda ya cancanci a ɗaga kai a dube shi, wato kayan sojojin Faransa da aka sallama daga Nijar a 2023, sannan daga Chadi a ƙarshen 2024 da farkon 2025. An yi ta magana a kan motocin sulke da jirage da makamai. Ni kuwa yau a kan wani abu nake so mu tsaya, abin da ba ya fitowa a hoton bikin miƙa mabuɗi: kayan ajiye mai da rarraba shi, da yadda ake shirya su kafin a naɗe a tafi da su, ko kuma a bar su.

Bari mu tuna yadda abin ya jeru. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Gawo, a Mali, ranar 15 ga Agusta 2022, kuma rundunar ta ce sai da ta kwashe kwantena kusan 4,000 da motoci kimanin 1,000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, sojojin Faransa kusan 1,500 suka tattara, na ƙarshensu suka tashi ranar 22 ga Disamba. Iyakar Nijar da Benin a rufe take a lokacin, saboda haka ba halin bi ta Kwatano, sai suka yi doguwar hanya ta ƙasa, fiye da kilomita 1,600 zuwa Injamena, daga can kuma abin da jirgin sama bai ɗauka ba ya nufi Duwala. Amurka ta biyo baya: gwamnatin sojan Nijar ta soke yarjejeniyarsu a watan Maris 2024, aka bar sansanin Yamai a watan Yuli, aka bar na Agadas ranar 5 ga Agusta, sansanin da aka kashe wa dala miliyan 110 wajen gini. Chadi ta yanke tata yarjejeniyar da Faransa ranar 28 ga Nuwamba 2024, aka miƙa Faya ranar 26 ga Disamba, Abeshe ranar 11 ga Janairu 2025, sai babban sansanin Injamena a ƙarshen Janairun. Kodebuwa ta karɓi nata a Fabrairu, Senegal a Yuli. Dubi kwanakin Chadi da kyau, mai karatu: wata biyu kacal tsakanin sanarwa da fita. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sansanin soja a cikin Sahara, idan ka cire bindigogi, babban gidan mai ne da aka kewaye da waya. Jirgi maras matuƙi mai yake sha, jirgi mai saukar ungulu mai, motoci mai, injinan wuta da ke juya na'urorin sanyi dare da rana mai. Kuma ba irin gidan man da muka sani ba ne, mai tankin ƙarfe a binne a ƙasa. Soja yana son abin da zai shimfiɗa yau ya naɗe gobe. Shi ya sa suke amfani da wani tanki na yadi mai kauri da aka shafe da roba, wanda idan babu komai a ciki kamar tamfol yake, idan an cika shi kuma ya kumbura ya kwanta kamar ƙaton matashi. Ni salka nake kiransa, don ba shi da maraba da salkar da Buzaye ke rataya wa raƙumi, illa girma. Na Amurkawa akwai mai cin galan 3,000, akwai 10,000, akwai 50,000, wanda ya kai lita 190,000, kusan tanka biyar zuwa shida na kan titi ke nan a cikin jaka guda. Akwai ma mai galan 210,000. Akwai kuma ƙarami mai siffar ganga, galan 500, wanda jirgi mai saukar ungulu ke ratayawa ya kai wa sojojin da ke daji. Kowace salka ana haƙa mata gurbi, a tayar da ganuwar ƙasa kewaye da ita, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi, don in ta fashe man ya tsaya a wurin. Sai injinan tura mai, wanda aka fi sani a cikinsu yana tura sama da lita 1,300 a minti guda, sai tukwanen tacewa da ke raba mai da ruwa da ƙura, sai mesa iri-iri, mita ɗaruruwa, da bakunan zubawa da makullai. Faransawa suna da rundunar da aikinta ke nan kaɗai, wadda a da ake kira SEA, yanzu SEO.

Man da ke ciki, yawanci, man jirgi ne, ɗan'uwan kananzir, wanda Amurkawa ke kira JP-8, ƙungiyar NATO kuma F-34. Dabararsu ita ce mai iri ɗaya ya wadatar da jirgi da mota da injin wuta, don kada a yi ta jigilar iri uku.

To ranar tafiya ta zo. Me ake yi da waɗannan kaya?

Littattafan aikin soja sun yi bayani filla-filla, kuma duk bayanin kan abu ɗaya yake komawa: kada a ɗauki wani abu a matsayin fanko sai an tabbatar. Salka, da farko, a tsotse man da ke ciki da inji. Inji ba ya kwashe duka, saboda haka sai sojoji su jeru su riƙa naɗo ta daga can ƙarshe suna matso ragowar zuwa bakin fita, kamar yadda uwar gida ke matse ledar manja. Abin da ya fito a tara shi a wani mazubi. Sai a sake warware ta, a buɗe mashaƙar iska, a hura mata iska a ciki ta bushe, a wanke bayanta da ruwan sabulu, a bi ta taku-taku ana neman inda ta yi bororo ko ɗinki ya fara saki. Duk wani bakin ƙarfe a toshe shi da murfinsa, a naɗe shi da tsumma ko kwali don kada ya huda yadin idan an ninke. Sannan a ninke ta yadda aka tsara, a sa a akwatinta, a ajiye inda rana ba ta dukanta, ɓera kuma ba ya kai mata, domin rana tana cinye robar, ɓera kuma kun san halinsa.

Mesa kuwa ɗaya bayan ɗaya ake kwance ta, a ɗaga kai guda man ya gangaro cikin bokiti, a bar ta ta sha iska, a toshe bakin nan da bakin can, a naɗe. Wannan toshewar ba don tsiyaya kaɗai ba ce. Yashi ƙwaya kaɗan da ya shiga mesa yau zai iya isa injin jirgi bayan shekara biyu a wata ƙasa. Tukunyar tacewa a zubar da abin da ya kwanta a gindinta, a ciro matatan da ke ciki, kuma waɗannan matatan ba a mayar da su, shara ce mai guba, tana da hanyar zubarwarta dabam. Injin turawa a buɗe masa ƙasa ya tsiyaye, a cire batir, a shafa man hana tsatsa, a liƙe duk wata kafa. Duk wannan aikin ana yin sa ne da waya a haɗe tsakanin kowane ƙarfe da ɗan'uwansa, da kuma sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, saboda mai idan yana gudu a cikin mesa yana tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan ka cire rigar leda a lokacin hunturu. A busasshen yashi sandar ba ta aiki sosai, har sai an riƙa jiƙa gindinta da ruwa. Ka ga ko nan Sahara ta ƙara wa aikin wuya.

Bayan haka sai takarda. Dokokin jigilar kaya masu haɗari, na jirgin sama da na ruwa, suna ɗaukar mazubin da aka juye amma ba a wanke ba tamkar cike yake. Dole a liƙa masa jan tambarin nan mai kusurwa huɗu da hoton harshen wuta da lamba 3 a ƙasa, a rubuta lambarsa: 1863 man jirgi, 1202 gazwal, 1203 fetur. Kafin a cire tambarin sai an auna iskar da ke ciki da na'ura, wani ƙwararre ya sa hannu cewa babu sauran huci. Amurkawa ma har ƙasar da ta maƙale a tayoyi da ƙarƙashin kaya suke wankewa kafin su shigar da su gida, don kada su kai wa gonakinsu ƙwari da irin ciyawa. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, yadda ake kula da ƙasar da za a je. Tambayata ita ce wace kulawa ake yi wa ƙasar da aka baro.

Me ya sa aka tsananta haka a kan abin da babu komai a cikinsa? A nan malamin makaranta zai ɗan yi darasi, ku yi haƙuri. Ruwan mai ba ya kamawa, hucinsa ne ke kamawa, kuma hucin ma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado. Na fetur yana kamawa ne idan ya kai kashi 1 da ɗigo 4 cikin ɗari na iskar wurin, har zuwa wajen kashi 7 da rabi. Ƙasa da haka ya yi kaɗan, sama da haka iskar ce ta yi kaɗan. Duro cike da fetur, hucin da ke samansa ya yi yawa, ba ya samun iskar da zai ci. Amma duron da aka juye, iska ta shiga, ragowar da ta maƙale a jiki da lungun ɗinki tana ta fitar da huci, shi ne bam. Na yi wa ɗalibaina lissafin a allo: duro mai lita 200, cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu na fetur ya ishe shi ya tashi. Da yawansu ba su yarda ba sai da muka bi lissafin sau biyu.

Man jirgi an ce ya fi fetur lafiya, kuma gaskiya ne, domin ba ya fitar da hucin da zai kama sai zafinsa ya kai digiri 38. A Turai wannan kariya ce babba, don da wuya zafi ya kai haka. To a Agadas fa? A Faya, a Injamena, a Garwa cikin watan Afrilu? Digiri 42, 43 a inuwa ba labari ba ne, balle jikin tankin da ya wuni a rana. Wato man da littafi ya ce mai sauƙin kai ne, a ƙasashenmu rabin shekara yana tsaye ne a bakin kamawa. Duk wanda zai yi maganar kayan man soja a Sahel bai sa wannan a lissafi ba, da sauran aiki a gabansa.

Mu a Kamaru ba sai an koya mana illar hucin mai ba. Ranar 14 ga Fabrairu 1998, a unguwar Nsam a Yawunde, taragon mai ya yi hatsari, jama'a suka taru da bokitai suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 100 suka mutu. A Yamai an ga irinsa a watan Mayu 2019, kusa da filin jirgi, a Majiya ta jihar Jigawa kuma a Oktoba 2024. Waɗannan manya ne, duniya ta ji. Ƙananan kuwa, na mai walda da duro, ba a kirga su. A unguwarmu akwai wani bawan Allah da aka kawo wa tano ya yanka a yi murhun gasa nama, mai shi ya rantse masa cewa ya fi wata shida a juye har ruwan sama ya wanke shi. Yana sa wuta murfin ya tashi. Ya rayu, amma ido ɗaya ya tafi.

Yanzu mu koma kan wata biyun nan na Chadi, da wata uku na Nijar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma aikin da na zayyana a sama duk fafe gora ne. Busar da salka guda kwanaki take ci. Sannan kayan mai su ne na ƙarshe da ake kwancewa, saboda jirgin da zai kwashe mutane da motar da za ta ja kaya duk sai sun sha kafin su tashi. Ke nan abin da ya fi bukatar lokaci shi ne ake bari sai lokaci ya ƙure. Ga kuma lissafin kuɗi: salkar da mai ya riga ya jiƙa 'yan shekaru kaɗan take yi, wadda kuwa ta sha ranar Sahara ba ta ma kai haka. Kwamandan da aka ba jirage ƙidayayyu, aka ce ya zaɓi abin da zai loda, tsakanin na'urar leƙen asiri da tsohuwar jakar roba mai warin kananzir, wanne kake jin zai ɗauka? Ko ni ne na san abin da zan zaɓa. Saboda haka a kowace janyewa kayan mai kashi uku suke rabuwa: wanda aka wanke aka tafi da shi, wanda aka miƙa wa sojojin ƙasar, da wanda aka yanke masa hukuncin shara.

Mun ga iyakar abin da gaggawa ke haifarwa a Mali. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba rundunar MINUSMA daga ƙarshen Yuni zuwa 31 ga Disamba 2023 ta fice. Manyan motoci kusan 200 da aka tanada don kwaso kaya daga arewa suka maƙale a Gawo tun watan Satumba, ba a ba su izinin tafiya ba. Da aka zo barin Kidal a ƙarshen Oktoba, Majalisar da kanta ta sanar cewa dole ta sa aka lalata kayan da ba a iya ɗauka ba, har da motoci da injinan wuta. Sojojin da suka yi wannan tafiya ta kilomita 350 a cikin mako guda, nakiyoyi na tashi da su a hanya, a cikinsu akwai 'yan Chadi, maƙwabtanmu. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai tsaya hura wa salka iska ba, kuma ba wanda zai zarge shi.

A nan ne nake ganin 'yan siyasarmu na Sahel da masu yi musu tafi sun yi rabin aiki. Korar sojan waje hakkin kowace ƙasa ne, ban da ja a kai. Amma gajeren wa'adi yana da daɗi a bakin mai jawabi, kuɗinsa kuwa ƙasa ce ke biya, ƙasar da ake takawa nake nufi. Wurin da aka yi shekara biyar, goma, ko kuma irin na Injamena da Faransawa suka zauna tun 1986 ba yankewa, ana sauke mai ana ɗurawa kullum, ba zai rasa ɗiga ba, ko da masu aikin sun fi kowa tsafta. Mesa tana tsiyaya a mahaɗa, leda tana hujewa, ruwan sama yana cika gurbin salka a buɗe masa ya fita. Ruwan da ke kwanciya a gindin tankin man jirgi yana ɗauke da sinadarin hana daskarewa da ake zuba wa man, wanda guba ne. Kumfar kashe gobara da aka daɗe ana amfani da ita a filayen jiragen soja tana da wasu sinadarai da ba sa ruɓewa, waɗanda yanzu haka Amurka ke fama da su a rijiyoyin da ke kewaye da sansanoninta na gida. Kuma abin da ya shiga yashi ƙasa yake yi, ba sama ba.

Wani lissafin kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sinadarin benzin, wanda ke cikin fetur kuma yake jawo sankarar jini, kada ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a kowace litar ruwan sha. Fetur mai kyau, irin na Turai, yana da benzin har kashi 1 cikin ɗari. Idan ka buga, lita ɗaya ta fetur tana da benzin da zai iya ɓata ruwa lita dubu ɗari takwas da wani abu. Man jirgi bai kai fetur benzin ba, amma shi ma ba abin sha ba ne. A 2021, a Hawai, man jirgi ya tsiyaya daga rumbun sojan ruwan Amurka na Red Hill ya shiga ruwan famfon mutum kusan 93,000, yawancinsu iyalan sojojin ne da kansu. Can an yi shari'a, an rufe rumbun, an kwashe galan sama da miliyan 100. Can ke nan, inda akwai lauyoyi da 'yan jarida da ɗakunan gwaji. Agadas da Faya da Abeshe garuruwa ne da rayuwarsu ta rataya a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Injamena kuwa sansanin a jikin filin jirgi yake, gari ya kewaye shi, unguwanni da yawa da rijiyar burtsatse mara zurfi suke sha, ga ambaliyar Shari da Logon da ta shafe unguwanni a 2022 da 2024.

Ba ina cewa an gurɓata wuri kaza ba ne. Ina cewa wanda ya karɓi mabuɗin gidan haya, kafin ya sa hannu yakan duba rufi da masai. Abin da ya kamata a ce yana cikin kowace takardar miƙa sansani shi ne a ɗebi ƙasa da ruwa daga wurin ajiyar mai, a gwada a gaban ɓangarorin biyu, a buga sakamakon kowa ya gani, a kuma rubuta wanda zai biya idan an sami matsala. Ranar da jirgin ƙarshe ya tashi, ƙarfin cinikin ya tafi da shi. Filifin ta koyi wannan bayan Amurka ta bar sansanonin Clark da Subic a 1991 da 1992: an gano gurɓata, amma yarjejeniyar ba ta ɗora wa mai tafiya nauyin gyara ba, aka yi ta kai ruwa rana shekara da shekaru.

Sai kashi na uku, sharar. Soja ba ya zubar da ita da hannunsa, ɗan kwangila ake ba, ɗan kwangila ya ba ƙaramin ɗan kwangila. Mutanen Abijan sun san inda irin wannan sarƙa ke ƙarewa: a watan Agusta 2006 dagwalon da aka sauke daga tankunan jirgin ruwa Probo Koala aka ba wani ƙaramin kamfani, ya bi dare ya zubar a wurare dabam-dabam cikin birni, aƙalla mutum 15 suka mutu, kusan 100,000 suka je asibiti. Wancan ba na soja ba ne, amma hanyar ɗaya ce. Akwai yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 a kan zirga-zirgar shara mai guba, mu ma muna da dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996. Takardu ba su yi mana kaɗan ba. Mai dubawa a bakin hanya ne ya yi kaɗan.

Kuma a nan ne abin ya iso gidajenmu, mu 'yan kasuwa da 'yan gwangwan da masu walda. Kowa ya san kayan da aka ce an zubar a sansanin Turawa ba sa kwana a juji. Kasuwa suke shiga, kuma kasuwar Injamena da Kusiri gada ɗaya ce tsakaninsu, daga Kusiri kuwa sai Marwa, sai Garwa, sai nan. Yadin salka abu ne mai kyau a ido, kauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi. Wani zai yanka ya rufe masara, wani ya shimfiɗa ya shanya garin rogo, mai lambu ya yi tafkin ban ruwa, wani ma ya ce ya sami tankin ruwan gida a ɓagas. Matsalar ita ce mai yana shiga cikin naman robar ne, ba a samanta yake tsayawa ba. Ka wanke da omo sau goma, ka shanya, bayan kwana biyu a rana warin ya dawo. Sojojin da kansu ba sa taɓa zuba ruwan sha a salkar da ta taɓa ɗaukar mai, suna da ta ruwa dabam, kuma ga wanda bai sani ba kamarsu ɗaya, launin yashi ne duka, rubutun jiki ne kawai ya raba su, shi ma da Turanci ko Faransanci, wani lokaci rana ta goge shi. Haka mesa, haka jarkoki, haka ƙananan tankunan ƙarfe da za a kai wa mai walda ya mayar da su abin ɗiban ruwa a amalanke. Araha dai ba ta ado.

Masu sayar da zuwa-zuwa a bakin titi su ma su ji. Idan wani ya kawo muku mai fari tas mai warin kananzir, ya ce ragowar na soja ne, ku sani ba fetur ba ne, babur ba ya tafiya da shi yadda ya kamata, kuma ba kananzirin fitila ba ne, akwai sinadaran da aka ƙara masa waɗanda ba a yi su don a shaƙa a ɗaki ba. Abin da aka matso daga gindin salka kuwa shi ne mafi muni, rabinsa ruwa da dauɗa.

Game da abin da ke wucewa ta hanyoyinmu, daga Injamena zuwa Duwala tafiyar kusan kilomita 1,800 ce, ta cikin kasuwanni da tashoshi inda direba ke kwana, mai shayi da mai tsire suna hura wuta a gefen tirela. Kayan da aka wanke bisa ƙa'ida ba su da wata barazana, sun ma fi tankokin 'yan kasuwa da ke bin hanyar kullum aminci nesa ba kusa ba. Amma kwantenar da aka rufe a kan kayan da ba su gama bushewa ba, ta yi mako biyu a rana, hucin yana taruwa a ciki, kuma wanda zai fara buɗe ta ɗan dako ne ko ma'aikacin duwan. Shi ya sa tambarin nan mai lamba 3 yake da muhimmanci, shi ya sa kuma ya dace 'yan kwana-kwana na garuruwan da ke kan hanya su riƙa samun labari kafin irin wannan ayari ya iso, ba bayan ya wuce ba. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan dako, inda 'yan'uwanmu suke da yawa, za su iya neman wannan ba tare da sun jira gwamna ba.

Kada kuma mu ɗauka maganar maƙwabta ce kawai. A watan Oktoba 2015 Amurka ta sanar da turo sojoji kusan 300 zuwa Kamaru don leƙen asirin Boko Haram, aka sauke su a Garwa, a gefen filin jirgi, da jiragensu marasa matuƙa. Jiragen nan ba da ruwan Binuwai suke tashi ba. Duk inda aka ajiye musu mai, akwai gurbi, akwai ƙasar da ke ƙarƙashinsa, akwai kuma unguwannin da Garwa ke ta miƙawa zuwa wajen. 'Yan majalisar da ke wakiltar Binuwai suna da damar yi wa ministan tsaro da na muhalli tambaya a rubuce: wane gwaji aka yi wa ƙasa da ruwan wurin, yaushe, kuma ina sakamakon yake.